Mahaifa Da Maƙwabtanta: Abin Da Ya Kamata Kowane Gida Ya Sani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa iyayen gida maza da mata, a wannan fitowa mun zaɓi mu yi magana a kan wani sashe na jikin 'ya mace wanda dukkanmu ta cikinsa muka zo duniya, amma kuma shi ne aka fi jin nauyin ambatonsa a gidajenmu, wato mahaifa da gaɓoɓin da ke aiki tare da ita.

Zamanmu a nan Tamanrasat ya ƙara wa wannan magana nauyi. Mace za ta je awo ko neman magani, ta tarar ungozoma tana magana da Larabci, takardar likita kuma da Faransanci, tafintan da ya rako ta kuwa wataƙila ɗanta ne ko ƙanin mijinta. A gaban irin wannan tafinta abin da za ta iya faɗi bai wuce “marata ke ciwo” ko “sanyi ke damuna” ba, sauran bayanin ta haɗiye shi ta koma da shi gida. Ga kuma nisa: daga nan zuwa birnin Aljas kusan kilomita 2,000 ne, mai tasowa daga In Gezam kuwa sai ta ci wajen kilomita 400 kafin ta iso mu. A ƙasa irin wannan, ciwon da aka yi jinkirin gane shi yakan zo da tsada.

Kunya da tambaya

Kunya ado ce, ba mu zo mu raba kowa da ita ba. Sai dai malamanmu tun da can ba su ɗauke ta hujjar zama cikin duhu ba. Sananne ne cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar saboda yadda suke tambaya a kan lamuran jikinsu da ibadarsu. Littafin Ahalari da yaranmu ke fara karatun fiƙihu da shi daga Kano har Agadas, wanda Shehu Abdurrahman Al-Ahdari, mutumin yankin Biskra na nan Aljeriya, ya wallafa a ƙarni na 16, yana da fasali a kan haila da wani a kan jinin biƙi. A fagen likitanci kuma, Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi rubutu a kan aikin ungozoma da kayan taimakon haihuwa. Ashe ke nan maganar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kalmar rahim ma da Larabawa ke kiran mahaifa da ita, tushenta ɗaya da rahama, daga gare ta kuma aka sami sunan sada zumunci.

Sassan da sunayensu

Za mu bi su daga ciki zuwa waje, tare da sunan da za a ji a asibiti, domin mai karatu ta riƙe ko ta rubuta a takarda.

Na farko su ne gidajen ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu a cikin mara, kowanne bai wuce girman ƙaramin dabino ba. Da Faransanci ana ce musu ovaires, da Larabci almabid. Aikinsu biyu ne: ajiye ƙwai, da samar da sinadaran da ke tafiyar da jikin mace, wato estirojin da furojestaron. Jaririya tana zuwa duniya da ƙwai tsakanin miliyan 1 zuwa 2, kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta kuwa ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Ƙwan ɗan mitsitsi ne, da ƙyar ido ke iya ganinsa, shi ya sa sai a shekarar 1827 wani masani mai suna Karl Ernst von Baer ya fara gano ƙwan dabbobi masu shayarwa.

Na biyu su ne bututun mahaifa guda biyu, trompes da Faransanci, kowanne tsawonsa santimita 10 zuwa 12. Bakin kowane bututu yana da 'yan yatsu masu laushi da ke cafke ƙwai idan ya fito, cikinsa kuma akwai gashi ƙanana da ke tura ƙwan zuwa mahaifa. A cikin bututun nan ne ƙwan mace ke haɗuwa da ƙwayar maniyyin namiji. Hanyar siririya ce ƙwarai, don haka ciwon sanyi da ba a yi masa magani daidai ba yana iya barin tabo ya toshe ta.

Na uku ita ce mahaifa kanta, utérus ko rahim. Tsoka ce mai kauri da ke zaune tsakanin mafitsara a gaba da ƙarshen hanji a baya. Idan babu ciki tsawonta santimita 7 zuwa 8 ne, nauyinta kuma gram 50 zuwa 70, amma a watan haihuwa takan kai kilo guda, ta miƙe har ƙarƙashin haƙarƙari. A cikinta akwai shimfiɗa mai taushi wadda ke kauri ta zube kowane wata.

Na huɗu shi ne bakin mahaifa, col de l'utérus, da Larabci unuƙur rahim. Shi ne ƙofar. A rufe yake ruf tsawon goyon ciki, sai ranar naƙuda ya yi laushi ya buɗe har santimita 10. Idan ungozoma ta ce “tana kan huɗu” ko “ta kai takwas”, buɗewar wannan ƙofa take aunawa.

Na biyar shi ne farji, vagin ko almahbil, hanya mai tsawon santimita 7 zuwa 10 wadda jinin haila ke fita ta cikinta, ita ce kuma hanyar haihuwa. A waje akwai leɓɓa da ke kare wurin, da ɗan tsiron nama mai yawan jijiyoyi wanda da shi mace ke jin daɗin mijinta. Likitoci ba su sami wani amfani ga lafiya a yanke shi ba, illa zubar jini da tabo da wahalar haihuwa, kuma Nijar ta hana kaciyar mata a dokarta a shekarar 2003, Nijeriya a 2015.

Wani abin da mata da yawa ba a taɓa gaya musu ba shi ne, ƙofofin uku ne daban-daban: ta fitsari a gaba, farji a tsakiya, dubura a baya. Hanyar fitsarin mace gajera ce, wajen santimita 4, shi ya sa ƙwayoyin cuta ke saurin kaiwa mafitsara. Yin tsarki daga gaba zuwa baya, da yawan shan ruwa a wannan busasshiyar iska ta Ahaggar, da barin riƙe fitsari, suna rage wannan matsala sosai.

Farji kuma yana tsabtace kansa. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a ciki suna sa wurin ya yi ɗan tsami, tsamin nan ke korar masu cutarwa. Cusa sabulu ko alif ko kanwa ko kayan matsin da ake sayarwa a kasuwa yana kashe waɗannan masu gadi. Farin ruwa marar wari marar ƙaiƙayi lafiya ne. Wanda ya zo da wari ko ƙaiƙayi ko ya canza launi shi ke son magani, kuma sau da yawa sai an haɗa da maigida, in ba haka ba ciwon ya dawo.

Game da tantanin budurci, siffarsa ta bambanta daga mace zuwa mace, kuma 'yan mata kamilai da yawa ba sa ganin jini a daren farko. Kada a rushe aure ko a ɓata sunan 'yar mutane a kan abin da halitta ce. Yarinyar da ta isa balaga tana ciwon mara duk wata amma jini bai fito ba, wataƙila tantanin ne ya rufe hanyar gaba ɗaya, ƙaramin aiki ne a asibiti, ba na askar wanzami ba.

Yadda haila ke zuwa

Umarnin daga kai yake fitowa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake da ke aika sinadari ta cikin jini zuwa gidajen ƙwai. Sai ƙwai guda ya fara nuna, shimfiɗar mahaifa kuma ta fara kauri tana tara jini kamar mai gyara ɗaki domin baƙo. Idan ƙwan ya fito bai sami ƙwayar namiji ba, sai sinadaran su sauka, shimfiɗar ta saki ta zubo. Wannan shi ne jinin haila. Ba dattin jiki ba ne da ya taru, kuma yawan zubarsa ba wanke ciki ba ne.

Ana ƙirga zagayen daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta jini na gaba. Kwana 28 shi ne aka fi ambata, amma daga 21 zuwa 35 duk daidai ne. Jinin kan ɗauki kwana 2 zuwa 7, abin da ke zuba duka kuwa yawanci cokali biyu ne zuwa uku na cin abinci. Wadda ke jiƙa ƙunzugu duk sa'a, ko take fitar da manyan gudaji, ko take jin jiri da haki, jininta na ƙarewa ne, ta je a auna ta. Ƙarin mahaifa, wanda likitoci ke kira fibrome, yana cikin abubuwan da ke jawo haka, ya kuma fi yawa ga matan Afirka baƙar fata. Galibinsa ba sankara ba ne, kuma yana da magani.

A mazhabar Malikiyya, mafi yawan haila ga mai farawa kwana 15 ne, mai al'ada kuma takan ƙara kwana 3 a kan al'adarta muddin ba ta wuce 15 ba, abin da ya haura nan jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Wannan hukuncin ibada ne. Amsar malam ta warware mata maganar salla da azumi, amma dalilin zubar jinin yana nan, likita ne zai bincika shi. Haka nan jinin da mai ciki ta gani: ko me aka ce mata game da sallarta, ta tafi asibiti a ranar. Muna ba kowace mace shawara ta riƙa rubuta ranar farawa da ranar ɗaukewa a kalanda, domin takarda guda za ta amfane ta a gaban malam da gaban likita.

Ɗaukar ciki, da laifin da ake ɗora wa mata

Ƙwai kan fito kimanin kwana 14 kafin haila ta gaba. Ba ya wuce awa 12 zuwa 24 a raye, ƙwayar namiji kuwa takan jira har kwana 5 a jikin mace. Saboda haka kwanakin ɗaukar ciki a kowane wata wajen shida ne kacal. Wannan ya shafi gidajenmu kai tsaye, domin da yawa daga magidanta direbobi ne ko fatake ko ma'aikatan wuraren haƙar zinariya, suna yin makonni ba sa gida. Maigidan da ke zuwa kwana uku a wata yana iya saɓa wa waɗannan kwanaki shekara guda cur, alhali daga shi har matar lafiyarsu ƙalau.

Akwai magana biyu da muke so iyayen miji su ji da kyau. Ta farko, samun ɗa namiji ko mace daga ƙwayar uba yake. Ƙwan mace iri ɗaya ne kullum, ana yi masa alama da X, ƙwayoyin namiji kuwa iri biyu ne, X da Y. In mai Y ta riga isa, a sami namiji, in mai X ce, a sami mace, duka da ikon Allah. Matar da ta jera 'ya'ya mata ba ta da abin da za a zarge ta da shi. Ta biyu, rashin haihuwa ba na mace kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya kan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwa, kuma a kaso mai yawa matsalar daga wajen namiji take, ko daga su biyun. Idan an shekara ana tare babu ciki, su je tare. Gwajin maniyyi ya fi na mace sauƙi da arha, bai kamata a bar shi ƙarshe ba.

Idan ƙwai ya haɗu da ƙwayar namiji, yakan yi tafiyar kusan mako guda kafin ya dasu a shimfiɗar mahaifa. Wani lokaci sai ya maƙale a bututu ya fara girma a can. Bututun ba ya iya ɗaukarsa, yakan fashe, jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Matar da ta yi ɓatan wata sannan ta ji ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, da ɗigon jini, da jiri ko suma, a ɗauke ta nan take ko da tsakar dare ne.

Kwanciyar ciki

Goyon ciki mako 40 ne, wato kwana 280 daga ranar farko ta hailar ƙarshe. Mun gaji maganar cewa ciki yakan kwanta ya yi shekaru, maƙwabtanmu Larabawan Magrib ma suna da ita, suna kiransa raƙid. Malaman da suka gabata sun yi maganarsu ne bisa abin da mata suka ba su labari a zamanin da babu na'urar duba ciki. Yau na'urar ekogirafi tana nuna abin da ke mahaifa ƙarara, kuma abin da ake samu shi ne ɗayan waɗannan: ko tayin ya mutu bai fita ba, ko ƙari ne ya kumbura mara, ko haila ce ta ɗauke saboda wani dalili. Kowanne yana son kulawa, na farkon ma yana iya jawo ruɓa da zubar jini. Dokar iyali ta Aljeriya ta 1984 ta ƙayyade mafi ƙarancin ciki wata 6, mafi yawansa wata 10.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, na farko kafin cikin ya wuce wata uku. A wurin awo ne ake gano hawan jini kafin ya zama jijjiga, da ƙarancin jini, da kwanciyar jariri a gicciye, da mabiyiyar da ta tare ƙofa.

Naƙuda da jego

Idan naƙuda ta kankama, mahaifa na matsawa daga sama, bakinta na buɗewa, kan jariri na bi ta cikin ƙashin ƙugu. Ƙugun yarinya yana ci gaba da faɗi shekaru bayan ta fara haila, don haka fara haila ba ya nufin ta isa haihuwa lafiya. Idan kan ya fi ƙarfin hanya, sai ya danne naman da ke tsakanin farji da mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Wannan ne yoyon fitsari. Yankan gishiri da ake yi wai don a buɗe hanya shi ma yana huda mafitsara. Ciwon yana ɗinkuwa: asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara wannan aiki a shekarun 1980, da cibiyar Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012, sun mayar da mata masu yawa gidajensu a bushe. Amma rigakafi ya fi magani: naƙudar da ta kai awa 12 ba haihuwa ta bar gida.

Bayan haihuwa, mahaifa ta kan dunƙule ta matse jijiyoyin da mabiyiya ta bari. In ta kasa, jini ya ɓalle, kuma wannan shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya. Rabin lita ya isa a kira shi haɗari. Sa jariri a nono da wuri yana taimaka mata ta dunƙule. Takan ɗauki mako 6 kafin ta koma yadda take, daidai da arba'in ɗinmu, jinin biƙi kuma a Malikiyya iyakarsa kwana 60. A kula da al'adun jego: tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta. Ruwa mai ɗumi da abinci mai gina jiki sun wadatar. Zazzaɓi, ko jini mai wari, ko kumburi da haki, alamun komawa asibiti ne.

Bayan shekarun haihuwa

Haila kan ɗauke tsakanin shekara 45 zuwa 55, da zafin jiki mai tasowa da gumin dare da bushewar gaba. Idan an shekara ba a ga jini ba sannan ya dawo, ko ɗigo ne, a je a duba. Haka jinin da ke biyo bayan saduwa. Sankarar bakin mahaifa takan yi shekaru 10 zuwa 20 tana tahowa shiru, ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, binciken da ya sa aka ba Bajamushe Harald zur Hausen lambar Nobel a 2008. Ɗan gwajin da ake kira frottis yana kama ta tun ba ta zama sankara ba, ba ya kuma ɗaukar minti goma. Akwai allurar rigakafinta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Nijeriya ta fara yin ta a Oktoban 2023.

Kira ga gidajenmu

Tun 1974 Aljeriya ta ɗora asibitocinta na gwamnati a kan tsarin magani kyauta, kuma ana awon ciki a sashen uwa da yaro na ɗakunan shan magani, wanda ake kira PMI. Mun san akwai masu ɗari-ɗari saboda harshe ko takardu, musamman sababbin zuwa. Matan da suka daɗe a gari suka iya Larabci ko Faransanci su zama masu rakiya, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, abin da za a ɓoye wa ɗa ko ƙanin miji za a faɗa wa 'yar'uwa.

Maigida mai tafiya ya bar izini a fili kafin ya tashi, ya bar kuɗin mota da lambar wanda za a kira, kada matarsa ta kwana tana zubar da jini tana jiran ya ɗaga waya daga Arlit. Uwa kuma ta zaunar da 'yarta tun tana shekara tara ko goma, ta gaya mata abin da ke tafe da yadda ake tsarki da wanka, kafin yarinyar ta ga jini ta firgita ta ɓoye.

Allah Ya ba matanmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya azurta masu nema da zuriya ta gari. Amin.